Akwatin Da Ba Ya Nitsewa

Jiniyar filin jirgin saman tsibirin Funafuti na kuka, ƙanwar mijinta ta fizgi tuluma ta ƙarshe da ke hannunta, akwatin katakon da masunta ke adana ƙugiyoyi a ciki.

"Saki, matar Yaya. Teku ba ta amayar da abin da ta haɗiye. Mu sayar wa baƙi mu ci abinci."

"Sassaƙarsa ce. Sai dai ki haɗa da ni."

Tun da kwalekwalen mijinta ya ɓace a teku take wuni a rumfar nan, tana sayar da sarƙoƙin wuri da ake rataya wa matafiya.

Suna cikin ja-in-ja wani baƙo ya sauko daga jirgi, ya dubi igiyar akwatin da suke ja, ya dire musu wata tuluma da gishiri ya cinye, mai igiya iri ɗaya.

"Wa ya tufka igiyar nan?"

Matar ta shafa igiyar. "Ni ce."

"Rungume da ita muka tsinci mai ita a tsakiyar teku. Yana raye, amma an tsare shi a birnin Suva, ba takardar shaida. Sai nasa ya je."

Ƙanwar ta saki akwatin, ta zaɓo sarƙa mafi tsada, ta rataya mata.

"Maza, uwar taurin kai. Jirgi ba ya jira."