Lakar Teku a Ƙauran Namoda

Babban abin da ya hana Zamfara yin fice a binciken ƙarƙashin teku shi ne ƙarancin kayan aiki. Sai kuma rashin teku.

Wannan bai tsayar da Dokta Misbahu Tambari ba. A ƙasar waje ya karanto cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin lakar teku suna cin ruɓaɓɓen abu su fitar da lantarki. Ka binne sanda ɗaya a laka, ka rataya ɗaya a ruwan sama, ka haɗa su da waya, sai wuta. Abin da ya rage a gano shi ne da me ya kamata a yi sandar da ake binnewa. Ya sa wani direban tirela ya kawo masa ganga guda ta baƙar laka daga Legas, mai gishirin da zai ishi unguwa.

Ranar da gangar ta iso aka shiga yajin aiki, aka garƙame makarantar da yake koyarwa. Sai ya ajiye gangar a gidan mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, a bayan madafa, daura da turken awaki. Hajiya mace ce mai tsari. Duk unguwar an san ko barkono ta ɗiba a kwanonka, ba ta mayar maka da shi wayam.

Shugaban sashe, Malam Yazid, ya riga ya yanke magana: in aka dawo babu wuta, ɗakin gwajin Dokta zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Dokta ya gwada ƙarfe, ya yi tsatsa. Ya gwada baƙar sandar cikin tsohon batir, allurar awo ta ɗan motsa kamar mai gaida suruki. Daga ƙarshe ya sa aka kawo karan gero daga Birnin Tsaba, ya ƙone, ya daka gawayin, ya matse shi a jikin ragar waya.

Allura ta fara hawa. Kowane mako ta fi na baya. A watannin nan komai na gidan ya yi albarka, har awakin sun yi sheƙi. Warin gangar ma ya sauya, ya zama irin wanda hanci ya sani. Dokta ya rubuta cewa ƙwayoyin sun saba da yanayin arewa.

"Baban Asiya," in ji Hajiya ga ɗanta wata safiya, "wagga laka, akwai saura can inda aka ɗebo ta?"

"Hajiya, teku ne fa. Ba ta ƙarewa."

"To madalla."

Ya ji daɗi. Ilimi ya fara shiga gida.

Da aka janye yajin aiki, kwamitin makaranta ya zo har bayan madafa. Dokta ya haɗa waya, ɗan ƙwan lantarki ya kawo haske. Malam Yazid, wanda bai yarda da kowa ba, ya naɗe hannun riga ya lalube gangar har gwiwar hannu yana neman ɓoyayyen batir. Bai samu ba.

"Dokta, ashe teku warin gida gare ta."

"Ranka ya daɗe, ruɓa ko'ina ruɓa ce."

Aka bar masa ɗakinsa. Aka yaba wa karan gero a rubuce, aka kuma amince a kawo ƙarin ganga uku daga Legas.

Hajiya ta fi kowa murna, har ta aika kasuwar Shinkafi a ƙaro mata awaki biyu. Tun da ta fara ɗibar lakar tana busar musu suna lasa, ta daina sayen kanwa. Kuma duk ƙwaryar da ta ɗiba, sai ta cike gurbinta da ta ƙarƙashin turke.