Mai Wuƙa a Bayanmu

Tun daga gidan mai nake ganin babur ɗin nan a madubi. Mutum biyu ne a kai, na bayan sai ɗaga mini hannu yake. Na san wannan wasan: ka tsaya, su raba ka da mashin.

"Baba, kamar magana suke mana," in ji 'yata da na goyo.

"Riƙe ni da kyau, ki rufe mini baki."

Na murɗa totur, suka murɗa. Hanya shiru, ba gida ba mota. Na bayan yana ta ihu, iska na cinye maganar, "tsaya" kawai nake ji. Ni za a yi wa wayo da furfurata?

Yarinyar ta fara jan rigata, na ce tsoro ne. Suna jerawa da mu mutumin ya zaro wuƙa, ya kai sara ta bayanta. Ban tsaya tunani ba, na tokari mashin ɗinsu da ƙafa, suka wuntsila cikin rami.

Sai da na yi nisa na tsaya duba jikinta. Babu jini, sai tari take, wuyanta ya yi jawur. Na kalli tayar baya. Rabin mayafinta ya nannaɗe a ciki tamau, an yanke shi da wuƙa.

Na juya na koma. Na tarar da mai wuƙar zaune a bakin titi, goshi na zubar da jini.

Ya ɗago ya ce, "Malam, tana numfashi dai ko?"