Falon da Ya Haɗiye Muryata

Tunda aka kafa dokar hana hayaniya, kowace na'urar sauti sai ta auna ɗaki kafin ta fara aiki. Da maigidana Malam Tanimu ya kunna sabuwar tamu a falo, ta ce a yi shiru minti ɗaya. Ana cikin haka maƙwabciyata ta yi sallama. Yo in ƙi amsawa? Na amsa, har na tambayi lafiyar yaranta.

Da hantsi na ce, "Malam, ga koko." Bai juyo ba. Na ɗaga murya, ni kaina ban ji komai ba. Na fita tsakar gida na yi gyaran murya, lafiya lau.

Mai gyara ya duba ya ce, "Hajiya, ta ɗauka muryarki amsa-kuwwar ɗakin ce, shi ya sa take share ta. Doka ba ta yarda a sake awo ba sai baɗi."

"Baɗi?" na ce. Motsin bakina kawai ya gani.

Da la'asar 'yata Rakiya ta kira daga Maraɗi, muryarta ta cika falon. "Baba, na sauka, namiji ne! Ina Inna?"

Ina tsaye jikin lasifikar ina rangaɗa guɗa.

"Ko ta fita unguwa ne?" in ji Rakiya.