Faifan da Aka Ƙulle a Bakin Mayafi

Rumasa'u, na ji kin ce gobe za ki kai kwamfutarki wajen mai gyara ya ƙara mata wuri. Tun da kika faɗa hankalina bai kwanta ba. Ni ban san kan waɗannan abubuwa kamar ku ba, amma bari in ba ki wani misali, in kin ga dama ki ɗauka.

An yi wata mata mai buga wa mutane takardu a bakin kasuwa. Kwamfutarta manhaja biyu ke cikinta, kamar gida ɗaya da aka raba sashe biyu da katanga. Duk sanda ta kunna, sai kwamfutar ta tambaye ta wanne za ta shiga. Na farko shi ne na aikinta. Na biyun ƙanenta ne ya saka kafin ya bar gari, kuma a ciki ya adana muryar mahaifinsu, wadda ya ɗauka watanni kaɗan kafin tsohon ya rasu, yana lissafa kakanninsu da garin da suka taso da abin da ya sa suka baro shi. Wayar da aka ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa. In ba a wannan sashen ba, muryar ba ta ko'ina a duniya.

Ana nan, sai sashen aikin ya cika maƙil, ko takarda ɗaya ba ta shiga. Ta kai wa mai gyara. Ya ce ai abu ne mai sauƙi: za a kwafe komai zuwa sabon faifan ajiya mai girma, a matsar da katangar, sashen aiki ya samu fili. Tsohon faifan kuma a goge shi tas, ta riƙa zuba hotuna a ciki. Matar dai ranta bai kwanta da shi ba. Mutum ne mai saurin baki, yana yi mata magana idonsa na kan waya. Ta fara yi masa bayanin cewa sashe biyu ne a ciki, ya katse ta da “kada ki damu.” Sau uku yana faɗin haka, ita kuwa ba ta ce masa ta damu ba. Sai ta raya a ranta cewa so yake ta tafi ya leƙa takardun mutane, na filaye da na gado da wasiƙun da aka ba ta amana. Ya ce ta je ta dawo bayan la'asar. Ta jawo benci ta zauna. Da ya gama kwafa ya ciro tsohon faifan ya ajiye a gefe, sai ta miƙa hannu ta ɗauke, ta ƙulle a bakin mayafinta. Masu shagunan kusa suna ta dariya, wai ta ƙulle ƙarfe kamar goro.

Ya saka sabon faifai ya kunna. Kwamfuta ta buɗe fes, ga takardunta duk a jere, ga fili ya samu. Ya ce, “To Hajiya, kin gani ko? Komai ya shiga. Kawo tsohon in goge miki, in huta da hararar nan.” Kunya ta kama ta. Har ta fara kwance ƙullin, sai hannunta ya tsaya. Shekara huɗu kullum safe kwamfutar nan sai ta yi mata tambaya kafin ta buɗe. Yau shiru, ta wuce kai tsaye. Ta ce, “Malam, yau ba ta tambaye ni ba. Ina ɗaya ƙofar?” Ya ce, “Wace ƙofa?”

Ya duba, ya sake dubawa. Ashe abin da ya yi kwafin da shi irin sashen farko kaɗai ya sani. Na biyun ya nuna masa shi fili kawai, ba suna ba komai, shi kuwa ya ɗauka kango ne, ya tsallake shi, ya shimfiɗa sashen aiki har kan wurinsa. Bawan Allah ba ɓarawo ba ne, ko takarda ɗaya bai buɗe ba. Gaskiyarsa yake faɗa da ya ce komai ya shiga, don abin da allo ya gaya masa ke nan. Abin da matar take tsoro daban, abin da ya kusa cin ta daban. Aka mayar da tsohon faifan, tambayar ta fito, ta zaɓi na biyu ta danna. Tarin tsohon aka fara ji, sannan muryarsa ta cika shagon yana kiran sunan kakansa. Mai gyara ya sake aikin tun daga farko, ita kuma ba ta tashi ba sai da ta saurari mahaifinta a sabon faifan har inda ya yi salati ya rufe. Tsohon faifan kuwa ba ta bari an goge ba, a bakin mayafi ya koma gida.

To Rumasa'u, ban ce mai gyaranki mugu ba ne, ban san shi ba. Amma mutumin kirki ma yana iya ce miki an gama alhali ba a gama ba. Ki riƙe tsohon faifanki a hannunki, ki buɗe kowace ƙofa da kanki kafin ki yarda a goge komai, ko da za a yi miki dariya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.