Danƙon Dutsen Gugar Madam

Dogo ya kifa dutsen guga a cinyarsa, ya tofa masa yawu, ya ci gaba da kankara da bakin cokali. Abu ya ƙi fita. Wani danƙo ne baƙi, ja-ja a gefe, ya manne wa gindin ƙarfen kamar ƙanzo a tukunya.

Shekara goma sha ɗaya yana wanki da guga a gidan Kumandan, Baturen da ke mulkin Maradi, ko hankici bai taɓa ƙonawa ba. Aikinsa iri ɗaya ne: a cika dutse da garwashi, a fesa ruwa da baki, a danna da ƙarfi. Haka ake yi wa akoko, haka ake yi wa kaki. Wa ya gaya masa Nasara sun ƙago wani yadi mai santsi, wai nailan, wanda ko hararsa wuta ta yi sai ya narke?

Ga shi yau sallar Katoz, babbar ranar Faransawa, Gwamna da kansa ya iso daga Yamai. Jiya Dogo ya wuni yana guga: kakin Kumandan, mayafan tebur, labulaye, sabuwar tuta, kayan Madam matar gidan. Tun la'asar ɗin jiya kuwa Madam ta hana kowa sakat, tana cigiyar jan fatarinta da aka aiko mata daga Faransa. Ta rantse duk wanda ya taɓa shi, gidan kaso ne makomarsa. Ƙarfe takwas kuma za ta sauko duba kayan aiki kamar kullum, dutsen guga take fara juyawa.

Tsoro ya kama Dogo ba kaɗan ba. Ya zuba gishiri a takarda ya goga, a banza. Ya dirza da toka da lemon tsami, danƙo ya ce ina nan daram.

Ramatu matarsa ta leƙo ta kan danga, yatsanta ɗaure da tsumma inda allura ta soke ta.

"Maigida, ɗuma shi tukuna, sannan ka shafa kyandir," in ji ta. "Ni dai na yi nawa, saura naka."

Ya hura garwashi, ya shafa guntun kyandir, ya murza da tsohon buhu. Sai ga danƙo yana saki, yana naɗewa a jikin buhun. Ya cusa buhun cikin murhu ya tsaya a kai har ya zama toka.

Madam ta sauko. Ta juya dutse, ta ga fuskarta a ciki tas, ta shinshina, ta ajiye. Tunda ba Dogo ba ne ya taɓa fatarin, ai matan ƙauye ne. Ta sa gardi, masu tsaron bariki, suka zazzage kwandunan matan Tsibiri da Jiratawa masu kawo kayan miya. Aka samu albasa da yakuwa.

Da hantsi aka taru a filin bariki. An koro manoman gyaɗa daga gonakinsu su zo su yi murna, suka tsaya a rana suna murnar dole. Dogo ya raɓe can baya.

Kafin a ɗaga tuta, Gwamna ya kama bakinta, ya kai leɓensa, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya yi magana. Tafinta Maman Lawali ya gyara hula ya fassara wa jama'a:

"Gwamna ya ce ya zaga ƙasar nan kaf, bai ga tutar da ta tuna masa gida kamar ta Maradi ba. Ya ce ƙanshin Faransa ke gare ta."

Kumandan ya kumbura kamar zai fasa kakinsa. Madam ta fi kowa tafi.

Aka busa bigila, tuta ta hau sama, shuɗi da fari da ja, jan ya fi sauran rawa a iska. Duk mai hula ya ƙame ya sara.

Dogo ma ya ƙame, yana roƙon Allah ɗinkin Ramatu ya riƙe har la'asar. Jan ɓangaren tutar Faransa dai shi ne danƙon da ya kankare daga dutse da safe. Abin da Gwamna ya sumbata, yake sara wa a gaban Maradi duka, fatarin Madam ne.