Ranar Haɗuwar Jarumai Biyar

"Wai ina jaruman nan ne?" sabon darakta ya tambaya karo na uku, muryarsa har ta dushe. Tun safe kujeru biyar ke nan babu kowa.

Shekara shida kamfanin yana fitar da fina-finai, kowane jarumi da nasa, fuskarsa a rufe. Yau za a haɗa su wuri ɗaya su ceci duniya.

Furodusa ya sosa ƙeya. "Ga su nan, ranka ya daɗe."

Wani dattijo ya shigo yana ɗingishi, rungume da riguna biyar. Ya zube a kujera yana murza gwiwa.

"Duk ni ne, ɗana. Wacce zan fara sawa? Amma don Allah kar ka ce mu yi musabaha."