Ɗakin Rubutu a Bayan Gida

Ranar da kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, malamin makarantar ya tara iyalinsa ya kafa doka: babu mai shiga ɗakin katakon nan sai shi. Shekara goma sha biyu yana gaya wa abokai cewa hayaniyar yara ce ta hana shi rubuta littafinsa. Yanzu ga tebur, ga kujera, ga shiru.

Wata biyu yana shiga kullum da yamma. Ya fere fensir goma, ya sauya wa teburin wuri sau huɗu, ya rubuta sunansa da kyau a shafin farko. Daga nan bai ƙara ko harafi ba, har ya fara zargin tsuntsaye.

Wata rana aka tashi makaranta da wuri, ya tarar da ƙofar a buɗe. Matarsa ce a kujerarsa, da goyo a baya, alƙalaminta na gudu a kan takarda.

"Yi haƙuri, Baban yara," ta ce. "Babi ɗaya ya rage mini. Sauran a kicin na rubuta, tsakanin girki da wanki."

Ya ɗauki takardun da niyyar gyara mata kurakurai. Sai da ƙafarsa ta yi tsami ya lura a tsaye ya karanta shafi ashirin. Jaririyar ta motsa, ya kwance ta ya saɓa a kafaɗa.

"To, a ƙarshe matar nan ta cikin labarin za ta dawo gida kuwa?" ya tambaya a hankali.

Ba ta ɗago kai ba. "In za ka fita, ka ja mini ƙofar."